Sunan Ɗalibi Ɗan Wasa da Hotonsa: Haƙƙin Wane Ne?

Ina gai da mutanen Nguru da na Gashuwa, da na Machina, da Jajimaji, da Jakusko, da Yusufari, da duk wanda muryar nan ta riska, ko yana bisa tabarma a zaure, ko yana ɗinkin koma a bakin ruwa, ko yana jiran ciniki a rumfar kasuwa.

Mas'alar da za mu duba yau ita ce wannan: yaron da ke karatu a makaranta, Allah kuma ya hore masa gwanintar wasa har sunansa ya fita, shin ya halatta a bar shi ya ci amfanin sunan nan nasa da hotonsa, ko kuwa a ce masa tun da ɗalibi ne sai ya haƙura, wasu su ci? Ku riƙe abubuwa uku, don za mu yi ta komawa kansu: suna, da hoto, da kamanni.

Bari mu fara da gida, da abin da idonmu ke gani.

A ƙaddara wani saurayi ne yake karatu a ɗaya daga manyan makarantunmu, domin yanzu, alhamdu lillahi, ga Jami'ar Tarayya a Gashuwa tun 2013, ga Kwalejin Ilimi ta Umar Suleiman, ga kuma kwalejojin da ke Nguru. Yaron nan gwanin ƙwallon ƙafa ne. Ranar wasan ƙarshe na wata gasa ya zura ƙwallo biyu, fili ya ruɗe da sowa. Wani mai waya ya ɗauki majigin abin, ya ɗora a Facebook, kafin sallar isha'i dubban mutane sun kalla. Bayan kwana uku, mai buga riguna ya buga sunansa da lambarsa a baya, yana sayar wa yara. Mai shagon wayoyi ya kafa allo da fuskarsa a ƙofar shago. Da kakar zaɓe ta gabato, sai ga hotonsa riƙe da kofi a gefen hoton wani ɗan takara, kamar dai shi ya ce a zaɓe shi, alhali kuwa ko gaisawa ba su taɓa yi ba.

To, shi yaron fa? A ranar da ya ci ƙwallayen nan da ƙafa ya koma masauki. Da gwiwarsa ta kumbura, mahaifinsa ne ya kai akuya kasuwa aka sayi magani. Wannan shi ne abin da magabata suka ce, kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ku lura, babu wanda ya shiga ɗakinsa ya ɗauki wani abu. Abin da aka ɗauka ba ya shiga aljihu, ba a auna shi da mudu. Suna ne, da hoto, da kamanni.

Yanzu kuma mu ƙetare teku mu je Amurka, inda aka shafe shekaru masu yawa ana tafka shari'a a kan wannan batu, domin wanda ya ga yadda gemun ɗan'uwansa ya kama da wuta ya san abin da zai yi wa nasa.

A can akwai wata babbar ƙungiya mai kula da wasannin jami'o'i, ana ce mata NCAA, wadda asalinta ya koma 1906. Aƙidar da ta daɗe a kai kafin 2021 ita ce, ɗalibi yana wasa ne don sha'awa da motsa jiki da ɗaukaka sunan makarantarsa, saboda haka iyakar abin da za a yi masa shi ne a ɗauke masa kuɗin karatu da na kwana da na abinci, amma idan ya karɓi ko sisi don an sa fuskarsa a talla, ko don ya sa hannu a rigar wani mai ƙaunarsa, to ya karya doka, ana iya hana shi wasa. Da a ce wasan ya tsaya yadda ya faro, yara suna guje-guje a filin makaranta, malamansu na kallo, da babu mai cewa uffan. Amma talabijin ya shigo, kuɗi suka biyo shi. A shekarar 2010, ƙungiyar nan ta ƙulla yarjejeniya da gidajen talabijin a kan dala biliyan 10.8, na tsawon shekara 14, don nuna gasa guda ɗaya tak ta ƙwallon kwando. Masu horarwa suna karɓar albashin miliyoyi, ana gina filaye kamar fadar sarakuna, kamfanoni suna sayar da riguna, kowa yana da rabo a cikin tukunyar, in ban da wanda guminsa ya dafa ta.

Ɗanmu ma ya bi ta wannan hanya. Hakeem Olajuwon, haifaffen Legas, ya yi wa Jami'ar Houston wasan ƙwallon kwando a farkon shekarun 1980, duk Amurka ta san fuskarsa, amma bai sami ikon cin moriyar sunansa ba sai da ya bar makaranta ya shiga wasan ƙwararru a 1984.

Wanda ya fasa ƙwan wani ne mai suna Ed O'Bannon. Ya ci kofin ƙasa da jami'arsa ta UCLA a 1995. Shekaru suka shuɗe, ya bar wasa, ya koma sayar da motoci. Wata rana a gidan abokinsa aka nuna masa wasan kwamfuta, irin wanda yara ke dannawa a gaban talabijin, sai ga wani ɗan wasa a ciki mai tsawonsa, mai launin fatarsa, bahago kamarsa, da lamba 31 a riga kamar tasa. Ba a rubuta sunansa ba, amma duk wanda ya san shi ya san shi ne. Kun ga ma'anar kamanni ke nan: a siffanta mutum har a gane shi, ko da ba a ambaci sunansa ba. Ba a nemi izininsa ba, ba a ba shi komai ba. Ya kai ƙara a 2009, kuma a 2014 mai shari'a Claudia Wilken ta yanke cewa dokokin ƙungiyar sun saɓa wa dokar ƙasa mai hana 'yan kasuwa haɗa baki su danne farashi.

Daga nan bango ya tsage. A 2019 jihar Kalifoniya ta yi dokar da ta ba ɗalibai damar karɓar lada a kan sunansu. A watan Yuni na 2021 Kotun Ƙolin Amurka, alƙalai tara baki ɗaya, ta yanke hukunci a kan ƙungiyar a wata shari'a mai alaƙa da wannan, kuma tun daga ranar 1 ga Yuli na 2021 aka buɗe wa ɗalibai ƙofar yin talla da sunansu. A watan Yuni na 2025 kuma kotu ta amince da sulhun da ya tanadi a biya tsofaffin 'yan wasa kimanin dala biliyan 2.8 a cikin shekara 10, aka kuma yarda jami'o'i su riƙa ba 'yan wasansu kaso kai tsaye. Sai dai fa ku sani, ya ku samarin da ke mafarkin tafiya can, ɗalibi baƙo yana shiga ne da bizar karatu, wadda ta taƙaita masa neman kuɗi, saboda haka wannan ƙofa ba ta buɗe masa kamar yadda ta buɗe wa ɗan ƙasa ba.

Mu dawo gida. Wani zai ce, Malam, ina ruwanmu da biliyoyin Amurka, mu da ko ragar gola sai an yi karo-karo? Gaskiya ne, wasannin jami'o'inmu, waɗanda ake kira NUGA, da aka fara a Ibadan a 1966, ba su kai ga tara irin wannan dukiya ba. Amma haƙƙi ba a auna shi da yawa. Wanda ya ci naira ɗari ta maraya da wanda ya ci dubu ɗari, sunan abin da suka yi ɗaya ne.

Kuma kada a ɗauka baƙon abu ne a ƙasar nan a ce suna dukiya ne. Nguru gari ne na nama da fatu tun da layin dogo ya iso daga Kano a 1930, kuma inda mahauta suka taru, ba a rasa kalangu da dambe, domin dambe wasan gadon rundawa ne. Ku tuna yadda gidan dambe yake. Ɗan dambe ya ɗaure hannu, ya fito yana kirari, makaɗi ya zuga shi, in ya yi kisa, watau ya kai abokin karawarsa ƙasa, sai 'yan kallo su taso su yi masa kari a idon kowa, shi kuma ya juya ya yi wa makaɗinsa kyauta. Mai gidan dambe ya san sunan wa ya cika masa fili, don haka idan ya gayyato shahararre, da sallamarsa. Dubi ɗan dambe Shago da makaɗinsa Ɗan Anace: waƙar ta kai sunan ɗan damben inda ƙafarsa ba ta taka ba, bajintar ɗan damben kuma ta ba waƙar rai, kowannensu ya ci albarkacin ɗan'uwansa, kuma kowa ya san da haka. A ƙetaren iyaka, a Nijar, tun 1975 ake gasar kokawa ta takobin ƙasa, kuma ba a taɓa jin wanda ya ce abin kunya ne sarkin kokawa ya koma gida da kyauta ba. Al'adarmu ba ta taɓa raba gwani da amfanin gwanintarsa ba.

Abin da ya sauya shi ne na'urar ɗaukar hoto. A da, wanda zai ci amfanin ɗan wasa dole ya zo inda yake, ido na ganin ido, kunya ma ta isa ta sa ya miƙa hannu. Yau kuwa ana ɗaukar dambe a ƙauye, a ɗora a YouTube, mutanen da ba su san ko ina ne Yobe ba su kalla, kamfanin ya saka talla a ciki, ya biya wanda ya ɗora. Tun wajen 2017 da aka buɗe tashar Dambe Warriors, miliyoyin mutane a duniya suka san dambe. Wannan abin alheri ne, kuma ina murna da shi. Amma ya nuna mana cewa yanzu hoton saurayi yana iya tafiya fatauci shi kaɗai, ya yi ciniki, ya ci riba, mai fuskar yana gida bai sani ba.

To, yanzu mu shiga sashen da ya fi nauyi, watau me shari'a da doka suka ce.

Bayar da fatawa aikin malamai ne, amma akwai ƙa'idojin da duk wanda ya zauna gaban malami ya karanta babin ciniki da ijara a littafin Risala ko Muhtasar ya ji su. Ijara ita ce ɗaukar mutum aiki ko hayar amfanin wani abu da lada. Fuƙaha'unmu na mazhabar Malikiyya sun sharɗanta cewa ladan ya zama sananne, aikin ya zama sananne, wa'adin kuma ya zama sananne, sa'an nan a sami yardar ɓangarorin biyu. Sun hana abin da suke kira garari, watau ciniki a cikin duhu, inda ɗaya bai san abin da ya bayar ko abin da zai karɓa ba. Sun kuma ce yaron da bai kai munzalin riƙe dukiyarsa ba, cinikinsa yana rataye ne ga amincewar waliyyinsa. Game da ko abin da ba a taɓa shi da hannu yana iya zama dukiya, Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ta zauna a Kuwait a 1988, ta tabbatar da cewa sunan kasuwanci, da tambarin kaya, da haƙƙin mawallafi, haƙƙoƙi ne na masu su, suna da ƙimar kuɗi, kuma bai halatta a keta su ba. A fahimtata, idan sunan shago yana da wannan alfarma, to sunan ɗan Adam da fuskar da Allah ya halitta masa sun fi cancanta da ita.

A ɓangaren hukuma kuma, Nijeriya ta kafa dokar kare bayanan mutane a 2023. Hoton da za a gane mutum da shi yana cikin bayanansa, kuma dokar ta ba yardar mai abu muhimmanci, ta kuma ce idan yaro ne, iyayensa ko mai riƙonsa za a nema. Kun ga a nan malami da lauya sun haɗu a kan kalma ɗaya: yarda. A tambayi mai fuska. A tambaye shi tun kafin a buga.

Yanzu bari in kawo hujjojin waɗanda ba su yarda ba, domin ba mutanen banza ba ne, yawancinsu malaman makaranta ne da iyaye masu tsoron abin da kuɗi ke yi wa ƙuruciya.

Suna cewa, yaron da aka aika neman ilimi, in ya ɗanɗana kuɗin talla, littafi zai yi masa nauyi. Wannan tsoro yana da tushe, kuma ni ma ina da shi. Ƙafar ɗan ƙwallo ba ta wuce shekara goma sha tana ba da abinci, kuma targaɗe ɗaya na iya rufe littafinta a yini guda, alhali ilimi yana raka mutum har furfura. Cikin dubban yaran da ke cika gidajen kallo suna mafarkin zama kamar ɗan ƙwallo Ahmed Musa, nawa ne za su kai? Ko a Amurka, 'yan ƙalilan ne ke kwasar manyan kuɗi, mafi yawa abin da suke samu bai taka kara ya karya ba. Amma ina tambaya: ɗalibin da ke ɗinkin hula, ko gyaran waya, ko zuwa fadama noman shinkafa lokacin hutu don ya biya kuɗin rajista, wa ya taɓa ce masa ya karya dokar ɗalibta? Yaba masa ake yi, a ce yaro mai zuciya. Don me sana'ar hannu za ta zama abin yabo, ta ƙafa ta zama abin zargi? Sau da yawa ma rashin kuɗin ne ke korar yaro daga aji, ba samunsa ba. Maganin tsoron nan yana hannun makaranta: ta ce wanda bai ci jarrabawa ba, ba zai sa rigarta ba.

Suna kuma cewa, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Wanda ya zura ƙwallo, wani ne ya miƙo masa, mai tsaron gida kuma ya sha ƙasa sau goma babu wanda ya ɗauki hotonsa. Makaranta ce ta ba da fili da riga da mai horarwa. Wannan ma magana ce. Amsarta a wurina ita ce a raba abu biyu. Rigar makaranta da tambarinta nata ne, wanda zai yi talla da su sai da izininta da rabonta, kuma hoton ƙungiya na ƙungiya ne, a raba wa kowa har masu zaman benci. Amma fuskar yaro a cikin kaftaninsa, ba makaranta ce ta ba shi ita ba.

Hujjar da ta fi damuna ita ce ta uku, kuma a nan ina tare da masu tsoro ɗari bisa ɗari. Idan aka buɗe ƙofa, ba mai shagon waya kaɗai zai shigo ba. Kamfanonin caca za su shigo, waɗanda suka riga suka cinye aljihun samari da sunan hasashen wasa, su nemi fuskar yaron da ƙannenmu ke ƙauna don su ja su zuwa ga haram. Dillalan ƙarya za su shigo, masu alkawarin kai yaro Turai, su sa uba ya sayar da gona. 'Yan siyasa za su shigo, su ɓata yaro da rabin garinsu a kan abin da bai kai kuɗin takalmi ba. Ga kuma 'ya'yanmu mata masu guje-guje da ƙwallon hannu a makarantu, waɗanda hotonsu in ya fita ba bisa yardarsu da ta iyayensu ba, ɓarnar ba ta kuɗi ba ce kawai, ta mutunci ce. Sai dai ku duba da kyau: duk waɗannan mafasid suna faruwa yau, ƙofa a rufe. Yaron da aka ce ba shi da haƙƙi a kan hotonsa, ba shi da bakin cewa a sauke. Wanda aka yarda abu nasa ne, shi ke da ikon sayarwa, shi ne kuma ke da ikon hanawa. Ikon hanawar nan ya fi kuɗin daraja.

Saboda haka ra'ayina, a bar su su amfana, amma a rubuce, kuma da idon manya a kai.

Sashen ƙarshe naku ne, ya ku iyaye da shugabannin makarantu. Ranka ya daɗe shugaban makaranta, kada a jira sai rigima ta tashi, ba a fafe gora ranar tafiya. A zauna da malamin wasanni da wakilan ɗalibai, a rubuta ƙa'ida ko da shafi ɗaya ce, a faɗi irin tallar da ba a yarda da ita ba, a faɗi rabon kowa, a kuma ware wani abu daga kuɗin ƙofa da na masu ɗaukar nauyin gasa don jinyar wanda ya ji rauni. Alhaji mai shago, in kana son fuskar yaron nan a allonka, gidansu ba shi da nisa. Yi sallama da mahaifinsa, ku yi magana, ko buhun shinkafa ne ku ambace shi da sunansa.

Kai kuma ɗana, ɗan wasa, saurara da kyau. Aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani mai girma, a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka, don haka neman a rubuta ba rashin yarda ba ne, ba kuma rashin kunya ba ne. Duk wanda ya zo maka da takarda, tambaye shi: nawa za a ba ni? A ina za a sa hoton, a allon shago ne kawai ko har intanet? Zuwa yaushe? Idan takardar ta ce har abada, ko ta ce an sallama masa ya yi yadda ya ga dama, ajiye alƙalami. Idan da Turanci aka rubuta, a fassara maka da Hausa, ko da Kanuri, ko da Badanci, har sai ka gane kowane layi. Nawa, a ina, zuwa yaushe. Kada ka sa hannu a bakin fili, gumi bai bushe ba, jama'a na yi maka kirari. Naɗe takardar ka kai gida, ta kwana a hannun mahaifinka ko malaminka. In mai ita ya ce ba zai iya jiran gobe ba, miƙa masa abarsa.

A mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu zauna a kan dillalan nan masu alkawarin Turai, da yadda uba zai gane na gaskiya kafin ya taɓa gonarsa.